Tawada a Bakin Ƙofa

Asabar, da hantsi

Jiya aka yi wa Injiniya aiki. Likitan ƙashi ya ce ƙugun ne ya tsage, sun ɗaure shi da ƙarfe, sauran sai haƙuri. Na ce masa ƙarfe ai sana'ata ce, wane iri kuka sa? Ya yi murmushi.

Injiniya shi ne babban ɗana. Tun yana rarrafe a gareji yana tsintar noti yana kaiwa baki nake kiransa haka, kuma Allah ya amsa, ya je ya karanto abin ya dawo da takarda. Ni a aji uku na sakandare na ajiye biro na ɗauki sifana, sifanar ma ta aro. Yau duk taraktar da ta ƙi tashi a wannan yanki, ƙofata ake jawo ta. Ban faɗa don alfahari ba. To, ko da alfaharin ne, nawa ne, shi kam ba aro ba ne.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. Ma'aikata sun ba da nasu labarin, maƙwabta sun ba da nasu, wanda bai gani ba ma ya fi kowa bayani. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, dokinsa Tawada ya miƙe tsaye a bakin ƙofar baya da Injiniya a kansa, ya kife ta baya, suka faɗi tare.

Tawada duƙushi ne baƙi wuluk, bai daɗe da cika shekara uku ba. Uwarsa ta mutu yana ƙarami, Injiniya ya raine shi da madara a bokiti, har yana biyo shi cikin gareji kamar kare. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Yanzu haka ina hango shi ta tagar ofis yana cin harawa kamar ba shi ba.

Tafin hannuna na dama ya saluɓe. Na naɗe shi da tsumma. Ba wani abu ba ne.

Lahadi, bayan azahar

Sun nuna mini hoton ƙashin. Na ɗaga shi a hasken taga na daɗe ina kallo. Ƙarfe siriri an lanƙwasa shi ya bi ƙashi kamar tare aka halicce su, ƙusoshi a jere, babu wadda ta karkace. Na tsufa ina ɗaure ƙarfe da ƙarfe, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Amma ƙashin ne ya tsayar mini da numfashi. Ashe haka cikin yaron nan yake. Wani farin kwano mai fukafukai, ba walda, ba noti, kuma shi ke ɗauke da mutum duk tsawon ransa. Likita ya ce ƙarfen riƙo kawai yake yi, ƙashin da kansa zai haɗe. Na ce da kansa? Ya ce da kansa. Subhanallahi. Da inji haka yake, da tuni yunwa ta kashe ni.

Uwar yara tana ciki wurinsa. Na leƙa ta gilashin ƙofa. Ban shiga ba, takalmana duk baƙin mai.

Litinin, da sassafe

Na ba Tawada ruwa. Ya sha, ya ɗago ya dube ni, ruwa na ɗiga daga leɓensa. Ni na fara kawar da kai.

Talata, bayan la'asar

Yaya ya zo mini da wani dillalin dawaki, gajere mai tumbi, da bulala a hammata. Ba ni na kira shi ba. Ya zagaya Tawada, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce, "Kai, kaya iya kaya! Amma Alhaji, dokin da ya koyi taɓarya ya gama karatu. In ya san hanyar sama, ba ya mantawa."

Taɓarya suke ce wa wannan miƙewa a kan ƙafafun baya.

Na ce, "In ka saya ina za ka kai shi?"

Ya ce, "Inda ba a hawa." Ya yi dariya shi kaɗai.

Yaya ya ce, "Ƙanena, ka sauke taurin kan nan. Dabba ce fa. Ɗaya na kwance a asibiti, so kake a jera muku gado?"

Muna cikin haka uwar yara ta dawo ɗaukar kayan sawa. Ta tsaya daga nesa, ko inda dokin yake ba ta duba ba. Ta ce, "Bakanike." In ranta ya ɓaci haka take ce mini, kamar lokacin da nake zuwa ƙofar gidansu da baƙin mai a farce. "Ranar da yaron nan zai dawo, kada idona ya ga wannan baƙin abin a gidana."

Na ce, "Shi mai dokin me ya ce?"

Ta ci gaba da gyara kaya a jaka. Can ta ce, "Da ya farfaɗo, kafin ya nemi ruwa, cewa ya yi kada a sayar. Ni da na haife shi ban samu ko sannu ba."

Na ce to a ba ni zuwa ranar da za a sallame shi. In na zo da dokin ya wuce ƙofar nan a gabanta bai ɗaga ba, ya zauna. In ya ɗaga, dillali ya tafi da shi, ba zan ce uffan ba.

Ta ce, "Ko kofato ɗaya."

Na ce, "Ko kofato ɗaya."

Dillali ya ce zai zo da motarsa ranar, don kada a sha wahalar nema.

Babu injin da ya taɓa gagarata. Wannan ma inji ne, ciyawa kawai yake sha maimakon mai.

Laraba, da safe

Ƙofar baya ita ce ta fita daga barga zuwa filin da ake motsa Tawada. Ni na yi waldarta da hannuna, ganye ɗaya tsakanin ginshiƙai biyu.

Na sa masa ragama, na naɗe igiya a hannun hagu tunda na dama ba ya riƙo. Ya biyo ni lafiya lau har bakin ƙofa, sai ya toge. Na ja, ya ja. Na kafa ƙafa na ja da ƙarfin da nake kwance notin taya. Sai na ji igiya ta yi sama.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ranar Alhamis ban gani ba, abin ya yi sauri. Yau na gani. Ya tashi a hankali kamar jak na ɗaga mota, yana ta tafiya sama har ya tare mini rana. Cikinsa duk jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, ƙirjinsa kamar gaban babbar mota, kofatansa na iyo a sama da kaina. Duk wannan nauyi a kan ƙafafu biyu da ƙwaurinsu bai fi damtsena ba. Gezarsa ta baje, hasken rana na ratsowa ta cikinta. Na manta da gudu. Bakina kawai na ji yana cewa Allahu akbar.

Da ya sauko sai da ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Bai kai mini duka ba. Da ya so, da yau ba ni ke rubutun nan ba.

Na san idon mugu, na yi aiki a ƙarƙashin mugaye ina yaro. Wannan ba shi ba ne. Farin idonsa ya fito a gefe, hancinsa na rawa. Na mayar da shi turke, na zauna a kan kifaffen bokiti.

Alhamis, da yamma

Ban je barga ba, ban je asibiti ba. Na kwance wani inji da babu abin da ya same shi, na mayar.

Asabar, bayan la'asar

Yau na shiga wurin Injiniya. Na canza takalma tun daga gida don kada in samu dalili.

Ya rame. Gemunsa ya tsiro, ban taɓa ganinsa da gemu ba. Na ce, "Injiniya, ya jiki?" Ya dubi fuskata, ya sauke ido kan tsumman da ke hannuna, ya daɗe a nan, sannan ya juya kai wajen bango. Ya ce, "Mama, ki tambaya ko ana ba Tawada gishiri."

Ina tsaye a wurin fa. Tsakanina da shi bai fi tsawon sifana ba.

Uwar yara ta ce, "Ka ji ai."

Na ce a gaya masa ana ba shi. Na ajiye lemon da na kawo, na fito. A baranda wata nas ta ce mini, "Baba, ka bari a duba maka hannun nan." Na ce hannun bakanike ne, ya saba.

Litinin, da hantsi

Tun da labari ya bazu kowa ya zama malamin doki. Mai faci ya ce a ɗaure kansa da ƙirjinsa. Mai gadi ya ce a hana shi abinci. Yaya, wanda tun muna yara ko jaki bai taɓa hawa ba, ya zo da ƙwai a aljihu. Wai an gaya masa in dokin ya tashi a fasa masa ƙwai a tsakar ka, zai zaci kansa ne ya fashe, ba zai sake ba.

Na ce, "Yaya, in ya tashi kansa yana can kusa da rufi. Da tsani za ka bi shi?"

Ya ce, "Kai dai ja, ka bar mini sauran."

Ya hau kan durom a gefen ginshiƙi. Na ja, Tawada ya tashi, Yaya ya rufe ido ya yi jifa. Ƙwai ya sauka a ƙeyata. Durom ya gangara da Yaya. Ma'aikata suka shige bayan tarakta suna tari.

Ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce, "To ai kai ma kana buƙatar maganin."

Na yi dariya. Daga baya na daina, don yau Tawada ya fi ranar Laraba tashi, kuma a can sama na ga ya yi tangaɗi ta baya kafin ya dawo. Na san wannan tangaɗin.

Talata, da safe

An yi ruwa. Na ba Tawada gishiri. Hannu da sauƙi.

Laraba, bayan azahar

Wata tifa ta kafe a laka a bayan gareji. Dogo direbanmu ya ɗaura mata sarƙa da tarakta zai jawo ta. Ina can ina duba wani famfon mai sai na ji kukan injin ya canza. Na waiga. Tifa ba ta motsa ba, tayoyin tarakta na baya sun kafe, Dogo kuma yana ta ba ta wuta. Gaban tarakta ya bar ƙasa, yana tafiya sama, yana tafiya.

Na kwarma ihu, "Kuloci! Taka kuloci, Dogo! Saki!"

Ya taka. Gaban ya dawo ƙasa tim.

Na isa wurinsa. Na ce, "Sau nawa zan gaya maka, kai dogon banza? In ka ba inji wuta ka kuma hana shi gaba, ina kake so ƙarfin ya tafi? Sama zai yi, ya kife a kanka! In gaba ya tashi ba a ƙara ja. Saki ake yi. Saki!"

Ina cikin faɗan sai kunnena ya ji abin da bakina ke faɗa.

Dogo ya ce, "Oga, lafiya? Ka yi haƙuri, ba zan sake ba."

Na ce ya je ya sauke sarƙar ƙasa ya sa katako a ƙarƙashin tayar tifa. Ni kuma na zauna a kan wata tsohuwar taya. Wannan karatun na koya wa direbobi ba adadi. Na taɓa korar mutum a kansa.

Ranar Alhamis ɗin, na kan doki yana matsa shi ya yi gaba. Ƙofa a gabansa yana tsoronta. Wani kuma a ƙasa da igiya a hannun dama, yana ja.

Ba zan ci gaba ba. Akwai aiki.

Alhamis, da sassafe

Na sauya igiya, na sa doguwa. Ban kusanci ƙofa ba. A tsakiyar barga muka tsaya, ni a gefen kafaɗarsa, ba a gabansa ba. Na yi masa ƙyacci da harshe na kaɗa jelar igiya ta bayansa, ya fara zagaya ni. In ya tsaya ya sandare, kai ya yi sama, sai in sassauta, in karkato hancinsa gefe kaɗan, in kora ƙafafun baya su taka. Na lura da wani abu: ba ya iya tashi sai ya kafa ƙafafun baya tukuna. Kamar jak ne, ba ya ɗaga komai sai gindinsa ya zauna. Muddin suna tafiya, yana ƙasa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne igiyar. Da na daina ja, sai ta fara magana. Kafin ya yi komai ina jin sa a yatsuna, wata 'yar rawa siririya, kamar yadda nake ɗora hannu a kan inji in san ciwonsa tun bai yi ƙara ba. Dabbar da za ta iya jan ni da gidana, ga ta tana juyawa da nauyin da bai kai na cokali ba. Wa ya tsara wannan? Wa ya zuba wannan ƙarfi, sannan ya sa makullinsa a abu mai laushi haka?

Injiniya da yatsa biyu yake riƙe igiya. Nakan yi masa tsiya in ce riƙon tela, kamar mai zura zare a allura. Nakan ce doki namiji ne, hannu yake so.

Da muka gama Tawada ya sauke kai, ya lashi leɓe, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da ta kaɗa mini riga. Ban san doki na yin haka ba.

Juma'a, da yamma

Uwar yara ta dawo da saƙo daga asibiti. Ta ce, "Ya ce a gaya wa mai kula da dokin kada ya riƙa naɗe igiya a hannu."

Mai kula da dokin.

Na ce a gaya masa an ji.

Lahadi, da safe

Tawada ya tashi yau. Ni na yi gaggawa, na kai shi bakin ƙofa tun bai shirya ba. Na saki, ya sauko da wuri, amma ya tashi.

Dillali ya wuce a babur, ya rage gudu ya ce, "Alhaji, na wanke mota!"

Litinin, da hantsi

Na tsaya kawai ina kallon Tawada yana kallon ƙofa. Ashe ba hanyar yake kallo ba, ganyen ƙofar yake kallo. In iska ta taso sai ganyen ya motsa, ya yi wani ƙiii, kunnuwansa su miƙe, fatar kwiɓinsa ta yi rawa. Na shafa wurin, na ji wani ɗan tabo a ƙarƙashin gashi. Wata rana ƙofar nan ta taɓa bugunsa, babu wanda ya gani, shi kuma ba shi da bakin faɗa.

Na sa mata giris, na yi mata ƙugiya a jikin bango. Aikin da bai kai shan shayi ba.

Daga yau a can nake ajiye masa dusa. Kullum in matsar da bokitin kaɗan. Ba na kiransa, ba na ja. Ni da ma'aikata ke cewa ban iya jiran ruwa ya tafasa ba, ga ni tsaye ina jiran doki ya yanke shawara.

Laraba, bayan azahar

Masu gashin ƙashi sun fara tayar da Injiniya. Na gani ta gilashi. Wata 'yar mitsitsiyar mata ce, da ƙyar ta kai masa ƙirji. Ta kawo shi gaban wasu ƙarafa biyu a jere, ta miƙa masa hannu, ta tsaya. Na ce a raina, ki ja shi mana, baiwar Allah! Ba ta ja ba. Tana dai tsaye tana masa magana ƙasa-ƙasa. Gumi ya keto masa. Ya yunƙura ya koma. Ya sake.

Sannan ya tashi. A hankali, yana ta tafiya sama, ƙafafun na rawa, har ya miƙe. Na manta ya fi ni tsawo. A kan ƙashin nan da na gani a hoto yake tsaye, wanda ba wanda ya yi wa walda. Uwarsa ta rufe baki da gyale.

Ban shiga ba. Takalmana tsaf suke.

Alhamis, da safe

Tawada ya ci dusa kansa a waje, jikinsa a ciki.

Asabar, da sassafe

Ya wuce.

Ba zan yi ƙarya in ce ni na wuce da shi ba. Mun zagaya, mun zagaya, na bi ta gefen kafaɗarsa muka doshi ƙofa, igiya na lilo tsakaninmu. Ya tsaya, ya shinshina ginshiƙi, ya hura masa iska. Sai ya taka, ya fita. Na ji kofatansa sun bar siminti sun hau ciyawa. Raɓa ba ta bushe ba, rana na fitowa, baƙin jikinsa ya koma kamar shuɗi. Ya tsaya a fili ya yi haniniya, ta tafi can nesa ta dawo.

Mun shiga mun fita har na gaji. Da na waiga na ga labulen kicin ya motsa.

Litinin, da yamma

Gobe za a sallami Injiniya. Tawada ya wuce lafiya yau ma, amma ba mutane, ba mota, ba hayaniya. Gobe duk za a yi su.

Na cire tsumma. Fata ta haɗe da kanta, sai shatin igiya daga ɗan yatsa zuwa wuyan hannu.

Talata, bayan la'asar

Dillali ya riga kowa zuwa. Ya ajiye motarsa a fili daura da ƙofar baya, ya sauke mata gadon hawa, ya zauna yana sakace. Ma'aikata suka bar aiki, na yi kamar ban gani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaya ne ya ɗauko su. Maimakon ƙofar gida, sai ya zagayo da mota ta fili ya tsaya, wai Injiniya ne ya ce a bi ta nan. Uwar yara ta fito ta harɗe hannu. Injiniya yana kujerar gaba, gilashi a sauke, sandunansa a gefe.

Na kwance Tawada. Yatsa biyu. Muka taho, ni a kafaɗarsa. Tun daga nesa na ji igiya na rawa: ga baƙuwar mota, ga mutane, ga warin wasu dawakai daga motar dillali. Muna isa tsakanin ginshiƙai sai wani ma'aikaci ya saki ƙarfe a ƙasa, ƙwal!

Ya toge. Kai ya yi sama. Na ga bayansa ya sauka, ƙafafun baya sun kafu, gabansa ya yi sakayau, kofaton dama ya bar ƙasa. Hannuna ya dunƙule da kansa, wallahi ba ni na sa shi ba. Duk abin da na zama a duniya da wannan dunƙulewar na zama shi. Ina jin shatin igiyar na zafi kamar yau aka yi.

Na buɗe hannun.

Igiya ta yi lilo. Na ja da baya taki ɗaya zuwa kwiɓinsa, na yi masa ƙyacci. Ya tsaya a haka, kofato a iska, duk ƙarfin nan a tare wuri ɗaya, bai san inda zai kai shi ba. Ban taɓa jin shiru irin wannan a garejina ba. Sai kofaton ya sauka, gaba da inda ya tashi. Na baya suka biyo. Ya fita.

Bai tsaya jirana ba. Ya nufi motar Yaya kai tsaye, na bi shi da sauran igiya, ya zura kai ta taga har wuya, ya tura hancinsa cikin gemun Injiniya. Yaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya fice da salati.

Dillali ya miƙe ya ce, "Hajiya, ya ɗaga fa! Kowa ya gani. Kofato ɗaya, haka aka yi magana."

Gaskiyarsa. Na yi alkawari ba zan ce uffan ba, ban ce ba.

Uwar yara ta daɗe tana kallon motar. Yaron ya rungume kan dokin, kafaɗunsa na girgiza. Ta goge ido da bakin gyale, ta juyo ta ce, "Malam dillali, kai da ka shigo filin nan, jan ciki ka yi? Duk mai tafiya ai sai ya ɗaga ƙafa. Ka zo ka sha ruwa ka kama hanya, rana na yi."

Ya ce, "Ashe da ni aka yi ciniki, ba da dokin ba." Ya naɗe gadon motarsa yana gunaguni. Ruwan dai ya sha.

Na miƙa wa Dogo igiya, na ce yatsa biyu, in ka naɗe a hannu ka bar mini gareji. Na buɗe ƙofar motar. Injiniya ya sauko da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Uwarsa ta matso da sanduna, ya girgiza kai. Ya ɗago ya dube ni, ni ɗin, ba bango ba.

Ya ce, "Baba, ba ni hannunka."

Na miƙa na hagu. Ya ce, "Ɗayan."

Na ba shi na dama. Ya juya tafin, ya bi shatin da babban yatsansa tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya riƙe, ya yunƙura. Nauyinsa duka ya zo hannuna, na ji ƙafafunsa na rawa ta cikin yatsuna.

Na tsaya kawai. Ban ja ba. Da kansa ya tashi.